Abin da Baƙi Suka Rubuta wa Inna

Asabar ta farko a watan Yuli, shekarar da na cika goma sha ɗaya, ina tsaye a ɗakin baƙi da zanen gado a kafaɗa, Inna tana durƙushe tana hura gawayi a kasko. Baƙinmu na farko, mata da miji da karensu, sun tafi tun ƙarfe goma, sun bar makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. A kan tebur akwai wani babban kaye, littafin rubutu mai jan bango da Baba ya sayo, don ya ga kowane gidan haya a ƙauyen yana da irinsa, baƙo ya rubuta abin da ya gani kafin ya tafi. Inna ta hango shafin farko ya cika har rabi. Ta goge hannu a zani ta ce, "Mariama, zo ki karanta mini, me suka ce?" Na fara karantawa a zuci. Matar ta rubuta cewa gidan yana da tsabta, teku tana kusa, amma wani wari ya kama labule da matashin kai, har sun yi mako guda suna kwana da taga a buɗe cikin sanyi. Na ɗago na dubi Inna. Ta ɗaga gira, baki a ɗan buɗe, irin fuskar da take yi in ta ajiye wa Baba sabuwar miya tana jiran ya ɗanɗana. Na ce, "Sun ce sun gode, ƙanshin ɗakin ya yi musu daɗi." Ta tafa hannu ta yi dariya, ta ƙara ɗibar turare ta zuba a wuta.

A Aubervilliers da ke gefen Paris aka haife ni, a ɗaki ɗaya da muke dafuwa da kwana a ciki. Baba ya fi shekara goma sha biyar yana ɗaukar kwalaye a manyan ɗakunan ajiyar kaya na unguwar, har bayansa ya fara lanƙwashewa. Wani abokin aikinsa ne ya ba shi labarin tsohon gidan masunta a wani ƙauye na bakin teku, tafiyar awa uku daga Paris, rufin ya zube, babu mai so. Baba ya zuba duk abin da ya tara a ciki. Shekara biyu yana zuwa kowane ƙarshen mako, shi ne magini, shi ne mai fenti, sai da ya fid da ɗakuna biyu na haya, kowane da ɗan madafinsa, da wani ɗan ɓangare a baya inda ni da Inna muka tare. Shi ya ci gaba da aikin kwali, sai Juma'a ya zo, Lahadi ya koma. Burinsa ɗaya ne, haya ta kankama ya ajiye kwali.

A ƙauyen nan baƙo ba ya samun ka sai ta hannun ƙungiyar masu gidajen haya. Su ke da jerin sunaye a ofishin masu yawon buɗe ido, su ke ba ka wani ɗan allon ƙarfe shuɗi mai hoton kwale-kwale ka kafa a ƙofa. Mai allo shi ke da baƙi. Shugabarsu maƙwabciyarmu ce, Madam Odil, wata doguwar tsohuwa mai gidaje uku. Ranar da aka kafa mana allon Baba ya sa babbar riga ya tsaya kusa da shi aka ɗauke shi hoto, ya aika gida Damagaram. Kullum da safe Inna sai ta goge allon nan kafin ta wanke fuskarta.

Ba zan ce ban ji daɗin wurin ba. In ruwa ya janye, rairayi yana tafiya har inda ido ya tsaya, in zana ƴar gala-gala da tsinke in yi ta tsalle ni kaɗai har ruwa ya dawo ya shafe. Nakan cika aljihu da duwatsu masu santsi mu yi carafke ni da Inna a dokin ƙofa, kuma kullum ita ke cinye ni. Bayan gidanmu shanu ne masu dabbare-dabbare, ƙatti, babu tozo, Inna takan tsaya ta dube su ta ce, "Allah sarki, an ƙoshi amma ba kyau." Amma ranar Asabar babu wasa. Baƙi su fita ƙarfe goma, wasu su shigo ƙarfe huɗu, a tsakani sai mun cire zannuwa, mun wanke banɗaki da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, mun share rairayin da ke shiga har cikin aljihun tebur, mun tsince gashin kare a kujera ɗaya bayan ɗaya. Shanya kuwa azaba ce, iskar teku jiƙa kaya take yi, ga fararen tsuntsayen nan masu ihu da ba sa kashi sai a kan zanen da ya kusa bushewa.

In an gama duk wannan, sai Inna ta ɗauko kasko. A wurinta sharar da wankin duk share fage ne, turaren shi ne tarbar baƙo. Takan ce, "Ɗakin da ba ƙanshi ai asibiti ne, wa zai sauke mutum a asibiti?" Ta rufe tagogi, ta zagaya da kasko kusurwa-kusurwa, ta kifa kwando a kansa ta shimfiɗa tawul da rigar matashi su sha hayaƙi. Haka uwarta take yi wa baƙo a Damagaram, kuma ba kowane baƙo ba, sai wanda ake ji da shi.

Ni kuwa na riga na san yadda mutanen nan suke jin turarenmu, domin lakwal, makarantar ƙauyen, ta koya mini. Tun makon farko wata yarinya ta ja kujerarta nesa da tawa ta ce ina warin coci ranar jana'iza. Sauran suka ɗauka. In an fita shan iska na zo wucewa, sai su haɗa hannu a ƙirji su sunkuyar da kai kamar ana wucewa da gawa. Na koma rataye rigar sanyina a waje ta kwana iska ta buge ta, Inna tana yi mini faɗan zan ɗauko mura. Ban taɓa gaya mata dalili ba. To da na ga kalmar nan a kaye, sai na ji kamar yaran lakwal ne suka biyo ni har gida, kuma yanzu uwata za su yi wa. Na ce a raina sau ɗaya ne, baƙi na gaba ba za su rubuta ba.

Suka rubuta. Ba duka ba, akwai wata tsohuwa da ta ce ƙanshin ya tuna mata da wata tafiya da ta yi tana budurwa, wannan na karanta wa Inna shi har sau uku, kalma da kalma. Amma yawanci maganar ɗaya ce, wari, ciwon kai, mun wanke kayanmu sau biyu bai fita ba. Ni kuma kowace Asabar sai in tsaya da kaye a hannu ina ƙaga yabo, har na gwanance. Shafin da ya yi muni sosai in yage shi a hankali in tura ƙarƙashin katifata. Baba yana jin Faransanci, amma rubutun hannu yana ba shi wuya, kuma in ya zo a gajiye yake zuwa, sai ya tambayi Inna, Inna ta gaya masa abin da na gaya mata.

Abin da ban yi tunani ba shi ne yabo yana ƙara wa mutum ƙaimi. Inna ta kira Goggo, yayarta da ke Lyon, ta ce ta je shagunan unguwar Guillotière ta haɗo mata turare mai ƙarfi, irin na amare, da sandal da farce da humra. Ta fara turara katifa kanta. Har ƴan ƙananan kwalabe ta samo tana ɗura turare tana ajiye wa baƙi tsaraba a kan tebur. Ni nake tsintar su a kwandon shara in ɓoye.

Wasiƙa ta zo daga ƙungiya, na ce gayyatar taro ce. Ta biyu ta zo, ban ma nuna ba, ta bi shafuka ƙarƙashin katifa. Duk wannan lokaci Madam Odil tana ɗaga wa Inna hannu ta saman shinge kowace safiya. Da Sallah Inna ta aika mata fanke, ta mayar da kwanon da kwalbar jam a ciki, Inna ta yi ta murna tana cewa, "Wannan ta san mutunci, ba ta maido kwano wofi ba." Taku ashirin ne tsakanin ƙofarta da tamu. Ko sau ɗaya ba ta tako ta toshe hanci ta nuna kasko ba, alhali ko kurma zai gane wannan.

A watan Agusta na shekara ta biyu wasu suka sauka da ɗan yaronsu mai ciwon fuka. Kwana ɗaya suka yi. Da safe na ga uwar tana cusa kaya a mota, yaron a kafaɗar ubansa da wata roba a baki, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. Matar ta yi wa Inna magana da ƙarfi tana nuna ɗakin. Inna ta juyo wurina. Na ce kakar yaron ce ba lafiya, an kira su. Inna ta ɗaga hannu ta yi wa kakar addu'a, ta bi su da kwalbar turare har bakin mota.

Asabar da ta biyo Madam Odil ta aiko cewa za ta zo da wani daga ƙungiya. Inna ta ce manyan baƙi ne, ta ɗauko na amaren nan ta turara ɗakunan har hayaƙi yana fita ta ƙasan ƙofa. Baba yana gida. Madam Odil ta sa ƙafa ɗaya a ɗakin ta ja da baya tana tari. A tsakar gida ta yi bayani, muryarta a kwance, babu faɗa. Ta ce baƙi sun yi ta kai ƙara, ta ce an kai yaron nan wurin likita, ta ce sau biyu suka rubuto ba mu amsa ba. Baba ya ce, "Wace wasiƙa?" Sai ya juyo ya dube ni. Na shiga ɗaki na ɗaga katifa na kwaso komai na kawo masa. Yana tsaye da takardun a hannu, mutumin da suka zo tare ya je ƙofa ya kwance allon. Ramuka huɗu ya bari a katako.

Baba ne ya fassara wa Inna, shafi bayan shafi, yana bin rubutun da yatsa. Na so a doke ni, wallahi na so. Inna ba ta taɓa ni ba. Ta zauna a dokin ƙofa, sannan ta ce, "Hayaƙi ne fa kawai, Mariama. Da kin faɗa da na daina tun ranar." Can kuma ta ce, "Shekara biyu suna toshe hanci ina yi musu murmushi."

Baba ya je ya roƙi ƙungiya, ya ce an daina, an wanke labule, an canza katifu. Suka ce a bari sai baɗi. Baɗi ta zo suka ce jeri ya cika. Muka yi rani guda muna share ɗakunan da babu mai kwana a ciki, sannan aka sayar da gidan. Baba ya ci gaba da ɗaukar kwali da wannan bayan nasa, bai ajiye ba sai da bayan ya ajiye shi. Ni da Inna muka sauka wurin Goggo a Lyon, Inna ta kama aikin gyaran ɗakuna a wani otel, inda ba a son ta bar ƙanshin komai sai na jabel. Lakwal ma ban yi nisa ba, na bari ina shekara sha shida. Na sha ɗora laifin a kan ƙauyen nan da mutanensa masu murmushi da baki su soke ka da alƙalami, kuma har yau ban yafe musu allon da suka hana mayarwa ba. Amma sun rubuta, ni ce na tsaya a tsakani.

Yau ina Aubervilliers kuma, hawa na biyar, da ƴata Nana mai shekara biyu. A gidan renon da nake kai ta akwai ɗan kaye da suke rubuta abin da ta ci da yadda ta wuni. Kowane layi sai na karanta sau uku, in ɗauki hotonsa in tura wa mijina ya sake dubawa, ko akwai abin da suke nufi ban gane ba. Kafin mu fita sai na shinshina rigarta. In ta yi tari sau ɗaya, yaron nan mai roba a baki nake gani. Kaskon Inna yana wurina a saman kabad, ban taɓa sa masa wuta ba, ina tsoron na'urar da ke ihu in ta ji hayaƙi, ina tsoron maƙwabta, ina tsoron takardar da za a turo ta ƙasan ƙofa. Wani lokaci nakan sauko da shi in sa hanci kawai, sai in ji ƙarar ruwa da ihun tsuntsaye, in ga Inna tana zagaya ɗaki da shi tana ƴar waƙarta, tana ganin duniya tana son abin da ta kawo.

Watan jiya ta zo mana daga Lyon. Ta yi wasa da Nana, ta ci tuwona ta yaba. Bayan la'asar ta zaro wata takarda ta asibiti daga jaka, na miƙa hannu. Ta wuce hannuna a hankali, ba fushi, ta ba mijina ta ce, "Malam Sani, duba mini me suka ce." Shekara goma sha biyar ke nan, Inna ba ta ƙara ba ni takarda na karanta mata ba.