Ibrananci a Bokitin Wanke Banɗaki

Furfura ta fito mini ina share ɗakunan alhazai a unguwar Aziziyya ta Makka, kuma ba irin ƙazantar da ban kwashe ba. Amma bokitin nan, har yau ban manta da shi ba.

Wani dattijo ne daga Kano, malamin jami'a, ya sauka a benen da nake aiki. Ya zo da damin takardu a leda, wai ko Kaduna za shi da su yake tafiya. Baƙaƙen kamar an jera ƙusoshi, daga dama zuwa hagu. Na tambaye shi, ya ce Ibrananci ne, hoton wani littafin nahawu da aka buga a Turai tun ana yayin injin ɗab'i na farko. Malaman Kirista ne suka koyi harshen wurin Yahudawa don su karanta Attaura da idonsu. Gefen kowane shafi cike yake da rubutun hannun dattijon, aikin shekaru, kuma ba shi da wani kwafi.

Abokin ɗakinsa, wani ɗan kasuwa mai ciwon gwiwa, yana kwance yana jinmu. Cikin duk bayanin nan, Attaura kawai ya ji.

Da za a fita Arfa, dattijon ya bar ledar ƙarƙashin katifa. Ɗan kasuwar ya riga kowa dawowa daga Mina, saboda ƙafa. Na shiga neman bokitina, na tarar da shi tsugune a gabansa. Ya cika shi da zamzam, ya jiƙa takardun, ruwan ya yi shuɗi, leɓensa ma haka.

Na ce, "Alhaji, me ke nan?"

"Rubutun Annabi Musa ne fa. Malam na zaune kan magani yana mana rowa. Kawo kofi in sam maka."

"Da wannan nake wanke banɗaki."

"Ai na ɗauraye."

Da dattijon ya dawo, muka hau rufi muka shanya shafukan, muka danne da duwatsu. Ibranancin na nan daram, ruwa bai yi masa komai ba. Gefen ne ya yi fari tas. Tawadar alƙalamin malamin kaɗai ɗan kasuwar ya shanye.

Dattijon ya daɗe tsaye a rana yana dubawa. Sannan ya ce, "Je ka tambayo mini shi, ko gwiwar ta yi sauƙi."

Ban je ba. Na sauka, na ɗauki bokitin, na jefa shi a motar shara.