Ranar da Na Saita Kamfas a Filin Ƙwallo

Motar da na fara saya da gumina 'yar Kwatano ce, bayan na daɗe ina aiki a sakatariya. Komai nata lafiya lau, ban da kamfas ɗin da ke jikin dashbod. In na fito daga gidanmu a Abakpa da safe, rana na dukan idona, shi kuwa ya dage wai yamma na nufa. Kuma ina bukatarsa, don aiki kan kai ni ƙauyuka, salla ta riske ni a hanya in rasa mai nuna mini gabas.

Wani mai gyaran wayarin mota ya ce ba lalacewa ya yi ba, bai san ya baro ƙasar Turawa ba ne. Ya ce in sami fili, in danne maɓallinsa har ya fara ƙyaftawa, sannan in yi ta zagaye da motar a hankali har ya daina.

Ranar Asabar da hantsi na shiga wani filin ƙwallo a Unguwar Shanu, na murɗe sitiyari, na kama kewayawa. Nan da nan 'yan garuwa suka ajiye kurarsu, masu shayi suka miƙe.

"Hajiya, taka birki mana!" in ji wani.

Wata tsohuwa ta ce ai wannan iskokai ne.

Ban san wanda ya buga wa yayana waya ba. Shi ne dama ya ce mace da mota neman magana ne. Sai ga shi ya tsaya a gabana, dole na taka birki. Aikin ya rushe.

"Ke! Kashe motar nan. Kin tara mana jama'a."

Na sauke gilashi. Na leƙo, na ce masa:

"Yaya, da girmanka. Motata ce, maina nake ƙonawa. Ka matsa, ko mu wuni a nan."

Ya koma gefe. Na sake danna maɓallin, na faro daga farko, har jiri ya fara ɗibata. Can ƙyaftawar ta tsaya. Na saita hancin motar da alƙiblar masallacin bakin filin, kamfas ya nuna gabas.

Na ce ya shigo in kai shi gida. Ya ƙi, ya tare keke. Ni kuma na wuce Babbar Kasuwa sayen kayan miya. Sai da azumi ya kama ya sake yi mini magana.