Ranar da Malam Bitrus ya zama adafta

Jiya a Panshekara na ji ana kiran wani tsoho "Baba Adafta". Wallahi Malam Bitrus ne, mai gyaran wutar masaƙarmu ta Sharada!

A shekarun tamanin aka kawo mana sabuwar kwamfuta, allonta ya fashe a hanya. Bitrus ya jona mata tsohon allo da adafta uku. In ya riƙe wayar allon, rubutu ya fito. Ni in na riƙe, duhu.

Ga mai kamfani tafe da baƙi.

Na ce, "Malam Bitrus, me ke faruwa?"

Ya ce, "Oho! Ki dai kare ni kar su gan ni."

Ƙarƙashin tebur ya tsuguna riƙe da waya, har baƙi suka gama yaba na'urar zamani.

Jama'a, me ke hannun Bitrus da babu a nawa?