Karfasan da Na Kiwata a Tunga

Da na bar koyarwa, zaman gida ya ishe ni, sai na sa aka kafa mini babban tankin roba a bayan gidanmu a Tunga, na zuba 'ya'yan karfasa da wani masunci ya kawo mini daga Kuta. Na yi wa 'yata ta fari alkawari cewa ranar sunan abin da za ta haifa, kifin hannuna za a ci. Na faɗa a gaban surukai, ina ta cika baki.

Saura mako guda suna, na fito da safe na tarar kifayen sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Tausayi ya kama ni. Na ce yunwa ce, na ƙara musu abinci. Washegari suka sake tasowa, na sake ƙarawa, har ina yi wa matata faɗa wai tana yi musu rowa idan na fita. Ruwan ya yi kauri, ya soma wari, amma ni ina ganin alamar ƙoshi ce.

Rana ta uku na kwashe matattu cikin bokiti. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna mai sayar da farfesun kifi, ta shigo karɓar garwashi ta gan ni tsugune.

"Malam, yaushe rabonka da canja ruwan nan?"

"Ai ruwa ruwa ne, Mama," na ce mata.

Ta ɗauki guda daga bokitin, ta sa ɗan yatsa ta ɗaga murfin da ke gefen kansa, wurin da muke kira kunnen kifi. Maimakon ja, cikin ya yi fari-fat, dauɗa ta liƙe tsakanin siraran naman kamar tsohon matankaɗi.

"Nan ne hancinsa," in ji ta. "Ruwa yana shiga ta baki, ya fita ta nan, shi kuma ya tsinci iskan da ke ciki. Abincin da ka zuba ya ruɓe, ya cinye iskan. Ba yunwa ba ne, Malam. Numfashi suke nema."

Kunya ta rufe ni. Shekaru na yi ina zana wa yara wannan kunnen a allo da jan alli, amma ban taɓa sa yatsa na buɗe na gaske ba.

Muka zubar da rabin ruwan, muka riƙa kwararo sabo daga sama don ya yi kumfa. Kafin azahar waɗanda suka rage suka koma ƙasa suna yawonsu. Ba su kai su ciyar da taron suna ba, sai dai aka yi wa mai jego farfesu.

Da na kai mata kwanon, ta tambaye ni ina sauran. Na rasa abin da zan ƙirƙira, sai na gaya mata gaskiya: kwana uku suna roƙona iska, ni kuwa ina ɗura musu abinci.