Ranar da Hamisu Ya Juya Eriya

A Madarumfa, in odinatar, wato kwamfuta, ta ƙi magana, Hamisu ake kira. Ɗan masunta ne, amma tun yana ƙarami kwalekwale ke juya masa ciki, sai mahaifinsa ya ce tabki ya huta da shi, ya tafi lakwal ya yi boko. Ya fara da gyaran rediyo a bakin kasuwa, ya koma salula, har wata ƙungiya mai ƙananan gidajen likita a ƙauyuka ta ɗauke shi. Aikinsa shi ne kowane gida ya iya leƙa babbar na'urar da ke Maraɗi, inda ake ajiye bayanan marasa lafiya da sakamakon gwaji. Yana da wa guda, Illo, wanda ya tafi ci-rani da tari a ƙirji. Jakarsa kaɗai aka maido. Hamisu ba ya zancen, mutane ma ba sa taɓo masa.

Wata safiya bayan an gama girbin gero, Bangaskiya, majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, ta wani gidan likita kusa da Ɗan Issa, ta kira shi. Rezo, wato sabis ɗin waya, na nan, saƙonni na shiga, amma na'urar Maraɗi ta ƙi buɗe mata. Ɗakin gwaji kuma ba ya faɗar sakamako ta waya.

Da ya isa a moto, sai ya tarar da taubashinsa Lawali na Gabi zaune a benci, jaka a gefe. Majinar da ya ba da a auna ce ake jira, motar Katsina da zai bi zuwa ci-rani kuma za ta tashi bayan la'asar.

"Ashe kai ne babban gwanin," in ji Lawali. "To na tafi ke nan. Wanda kifi ya kora daga ruwa ne zai gyara Maraɗi?"

"Zauna, bawana. Wa zai ɗauke ka aiki da wannan ƙirji mai kukan tsohuwar moto?"

Lawali ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Hamisu ya kau da kai.

Ya bi abin daki-daki. Kuran, wutar lantarki, na nan. Wayoyi ba ɓera a kansu. Kalmar sirri daidai take. Ya aika ɗan saƙon gwaji zuwa Maraɗi, shiru. Sai ya kira Firdausi, mai kula da babbar na'urar.

"Malam Hamisu, ina ganin mai ƙwanƙwasawa," ta ce, "amma daga Najeriya yake zuwa. Ka san ƙofar nan ba ta buɗe wa kowa sai na cikin ƙasa."

Hamisu ya dubi akwatin rezo da ke kan kanta. Ya buɗe bayansa, ya zaro layin da ke ciki. Na ƙetare ne.

Bangaskiya ba ta ɓoye ba. Tun iskar ƙarshen damina layin gida ya raunana, ita kuwa ta yi abin da kowa ke yi a bakin iyaka: wanda ya fi ƙarfi shi ake sawa. Nata ta cire daga salularta ta saka, da kuɗinta, don aiki ya gudu. Tsohon layin yana ƙulle a bakin gyalenta.

"Madam, ba ki yi mugunta ba," ya ce. "Sai dai kin aika mu Maraɗi ta Katsina, an tsare mu a ƙofa."

Ya mai da layin gida. Sandar rezo guda ta fito, tana zuwa tana ɓacewa. Ya fita ya ɗaga kai: eriyar da ke saman tankin ruwa ta karkata kudu, iska ta juya ta. Mai moton da zai kai Lawali tasha ya iso, yana ta matsa oda. Lawali ya miƙe da jakarsa.

"In ka taka waje, har Legas zan bi ka in faɗa musu taubashina ya gudu don tsoron allura," in ji Hamisu, ƙafarsa ɗaya a kan tsani. Muryarsa ba ta yi kama da wasa ba. Lawali ya dube shi, ya koma ya zauna.

Ƙarfen ya yi zafi har yana cin tafin hannu. Ya sassauta noti, ya rinƙa juya eriyar arewa a hankali, Bangaskiya na faɗa masa ta taga: ƙara, ƙara, tsaya nan.

Kafin ya sauko shafin ya buɗe. Tarin fuka ne. Bangaskiya ta ce yana warkewa, amma maganin na watanni ne, kuma a nan za a sha shi.

Lawali ya ture jakarsa gefe. Ci-ranin bana ya tafi, gero kuwa bai cika rumbu ba.

"Ka cuce ni, ɗan masunta," ya ce a hankali.

"Na cuce ka. Akwai lambun albasa a bakin tabki da ke neman mai gadi. Zama ne kawai, ka iya shi."

Hamisu ya sallami mai moton. Ya ɗauki jakar ya ɗaure a bayan tasa moton da kansa, ya ja igiyar sosai, ya sake jan ta.