Kawu Mai Fanka da Hodar Aro

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, gyaran fanka yake yi tun yana saurayi. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, fuka-fukan fanka rataye ko'ina, sai ka sunkuya kafin ka shiga. Ga shi da surutu, ko kusa ta ƙi fita sai ya tsaya yana lallashinta.

Wata rana wata budurwa mai ɗinki ta shigo rungume da fankar da ya gyara mata, ranta a ɓace.

"Malam, ba ka gyara komai ba," ta ce. "Dubi ƙura a fuka-fukanta. Da tana juyawa da ƙarfi, ai da ta kakkaɓe kanta."

Kawu ya kunna fankar, iska ta kusa ɗauke mata mayafi. Ƙurar kuwa ko gezau. Shi kansa abin ya ɗaure masa kai. Kullum cikin goge ƙurar nan yake, amma bai taɓa tambayar dalilin zamanta ba.

"Kina da hoda a jakarki?" ya tambaye ta.

Ta harare shi, amma ta miƙa. Ya goge fiffike ɗaya tas, ya barbaɗa hodar, ya kunna. Shago ya turnuƙe, suka yi ta atishawa, fuskar kawu ta yi fari fat. Da fankar ta tsaya, sai ga ragowar hoda kwance luf a fiffiken. Ya shafa, yatsa ya bar layi.

"To fa!" in ji kawu. "Ashe iskar da ke manne da ƙarfen ba ta share komai, tare suke yawo. Ta samanta ce mai gudu."

"Kai dai ka ƙarar min da hoda," ta ce, tana dariya har da riƙe ciki.

Washegari ya kai mata sabuwa har shagonta. Daga nan rigunansa suka fara yagewa ba gaira ba dalili, yau aljihu, gobe hannu, har maƙwabta suka gane inda aka dosa.

Yanzu 'ya'yansu biyar, furfura ta cika masa gemu. Ta dawo da kekenta shagon da ke jikin nasa. Yana aiki yana rera waƙa da muryarsa mai kama da ta agwagwa, ita kuma tana buga bango tana cewa, "Baban yara, don Allah ka tausaya wa masu wucewa!" Sai ya ƙara ɗaga murya.