Inda Tsamiyar Take

Kawuna manomi ne mai kafiya, in ya ce eh, ko kai ka haife shi ba ka isa ka juya shi ba. Gonar da ya gada kamar kasuwa take: dawa nan, wake can, gyaɗa da kuɓewa a tsakani, ga wata tsamiya a tsakiya. A gindinta aka binne 'yarsa ta fari, tana da shekara uku, lokacin suna zaune a bukkar gona.

Wata shekara ya ce shi masara zalla zai noma. Mai tarakta ya ce ba zai riƙa kewaye itace ba. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta ce, "Malam, don Allah ka bar tsamiyar nan."

Ya ce, "Haba, ko ido rufe na san wurin."

Aka sare ta, aka rushe bukkar.

Ba zan ci zalin masara ba, ta yi masa rana. Iri ɗaya, taki ɗaya, feshi ɗaya, aiki ya yi sauƙi. Ya yi rufin kwano, yara suka yi karatu. Amma ran da ya je yi wa yarinyar addu'a bayan girbin farko, sai ya tsaya cak. Ko'ina ya duba, kunyoyi ne iri ɗaya har ƙarshen gona.

Shekara goma sha ɗaya yana nema. Na sha ganinsa cikin layuka yana ƙirga taku, leɓɓansa na motsi. Ya taɓa gaya mini in iska ta kaɗa ganye, yakan ji kamar yarinya na gudu a bayansa. Inna ba ta taɓa tambayarsa ba, wannan shirun ya fi cin ransa.

Bara tsutsa ta shigo. Da yake abincinta ɗaya ne daga wannan iyaka zuwa waccan, mako biyu ta gama, babu wake ko gyaɗar da za a koma wa. Kawu ya yi zuciya, ko maganin ciyawa bai sake fesawa ba.

Da kaka na raka shi. Cikin matattun karare muka tarar da wani tsiro kore shar, ya kai gwiwa, da ƙananan ganye jere. Tohon tsamiya ne, daga tsohuwar saiwa.

Kawu ya durƙusa a gabansa. Na ɗauka murna ce.

Ya ce, "Na san shi. Duk shekara sai ya fito a nan. Ni kuma in ce ciyawa ce mai taurin kai, in ninka mata magani."